Yadda ake tafiya daga Garwa zuwa Yawunde da keken guragu

Shekara 22 na yi ina jan babbar mota. Na kai albasar Marwa Duwala, na sauke audugar Garwa a tashar jirgin ƙasa ta Gaundare, gadar Ngeli da ke tsakanin Kusiri da Njamena kuwa na ƙetare ta har na daina ƙirgawa. Mundu, Sar, Abeshe, duk na kwana a cikinsu. Amma abin da ya zaunar da ni ba a kan kwalta ya same ni ba. Mota tana tsaye, ina saman lodi ina ɗaure tamfol, igiya ta tsinke na faɗo. Ƙashin baya ya karye, laka ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa shiru.

Shekarar farko ko zaure ban cika leƙawa ba. Haihuwar 'yata da ke aure a unguwar Brikiteri ta Yawunde ce ta fito da ni, don na rantse ba za a yi sunan jikana na fari ina kwance a Garwa ba. An ce zumunta a ƙafa take, tawa ta koma taya. Tun daga nan ina bin wannan hanya sau biyu ko uku a shekara: mota daga Garwa zuwa Gaundare, jirgin ƙasa daga can zuwa Yawunde. Ɗan'uwa da ka zauna a keke kwanan nan, ga yadda nake yi. Ni hannuwana lafiya lau suke. Wanda shanyewar ɓarin jiki ta zaunar, ko aka yanke wa ƙafa saboda ciwon suga, sai ya rage ko ya ƙara gwargwadon jikinsa da abin da likitansa ya ce.

Kayan da za ka tanada

Keke mai naɗewa. Keken nan mai ƙafa uku da ake murzawa da hannu ba shi da na biyu a yashin unguwa, amma ba ya shiga tarago, a saman mota ma rigima ne. Ka bar shi a gida. In ba ka da mai naɗewa ka ara, sai dai ka gwada shi tukuna: idan ka zauna, tafin hannu ya iya shiga tsakanin ƙugunka da gefen keken ba tare da ka yi iyo a ciki ba, a samu ratar yatsa biyu ko uku tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwarka, matakin ƙafa kuma ya ɗaga daga ƙasa kamar santimita 5 don kada ya riƙa karo da duwatsu.

Matashin zama. Wannan ya fi keken kansa muhimmanci. Wanda aka yi musamman don masu ciwon laka shi ne gaba. In babu, a samo soso mai ƙarfi a ƙasa, mai laushi a sama, kaurinsu gaba ɗaya ya kai santimita 10, tela ya ɗinka masa riga marar ɗinki a tsakiya. Kada ka yarda da zoben roba mai rami a tsakiya, ko tub ɗin babur da wasu ke hurawa su zauna a kai. Jini yake tsarewa a kewayen wurin, ya jawo gyambon da ake gudu.

Katakon tsallakawa. Kafinta zai yi maka shi cikin awa ɗaya: tsawo kamar santimita 70, faɗi 20 zuwa 25, a fiƙe bakinsa biyu su yi siriri, a goge shi sumul har ba sartse. Ka shafa da bayan hannunka kafin ka biya, domin fatar da za ta hau kansa ba za ta gaya maka an soke ta ba.

Jakar gyara: tub ɗaya sabo, faci da gam, famfon keke, sifana mai lamba 10 da 13, makullin nan mai kusurwa shida, filaya, da igiyar roba da aka yanko daga tsohon tub. Yawancin kekuna masu naɗewa tayarsu ta baya inci 24 ce, masu gyaran keke kuwa 26 suka fi ajiyewa, shi ya sa nake cewa ka tafi da tub ɗinka.

Jakar jiki, wadda ba ta rabuwa da cinyarka: robar fitsari har da rara, sabulu, gora mai faɗin baki da murfi mai kyau, ledoji, tsumma mai tsabta, ƙaramin madubi, magungunanka, wando biyu na sauyi, babban zane ɗaya, da rigar sanyi. Kada ka yi dariya, za ka gode mini a Gaundare.

Takardu: katin shaidar ɗan ƙasa, takardar likita, da katin naƙasa in kana da shi. Dokar Kamaru mai lamba 2010/002 ta 13 ga Afrilu 2010 ta tanadar wa mai wannan kati sassaucin kuɗin mota, da fifiko wajen shiga da sauka, da kujera ta musamman. Ta ofishin kula da jin daɗin jama'a ake neman sa. Ba kowane mai sayar da tikiti ya san da zancen ba, ka nuna katin cikin lalama.

Sai mutum ɗaya mai ƙarfi da haƙuri. Ni ɗana na biyu nake tafiya da shi. Mace ta tafi da 'yar'uwarta ko 'yarta, ko da akwai namiji a tafiyar, saboda sha'anin kewaya.

1. Ka fara tafiyar a tsakar gida

Mako biyu ko uku kafin ranar, ka riƙa gwada tsallakawa daga keke zuwa benci, zuwa gado, zuwa kujerar motar maƙwabci. Ka kawo keken dab da inda za ka koma, a ɗan karkace. Ka danne birki biyu. Ƙafafu su sauka ƙasa, a cire madogarar hannu ta wannan gefen. Ka jingina ɗaya gefen ka tura bakin katako ƙarƙashin cinyarka, ɗaya bakin ya hau kujera sosai. Sai ka sunkuyar da kai gaba, ka karkata shi nesa da inda za ka, ƙugu zai yi sauƙi ya tafi da kansa. Kai hagu, ƙugu dama. Ka ɗaga ka matsa kaɗan-kaɗan, kada ka ja jiki a kan katakon kamar buhu, fata za ta saluɓe. Yatsu kuma kada su shiga ƙarƙashin katako.

Mai rakiyarka ma ɗalibi ne. Ya koyi taka sandar da ke bayan keke ya ɗaga ƙananan tayoyin gaba, domin da haka ake hawa dakali, da haka ake ratsa yashi. In yashin ya yi yawa a juya a ja keken da baya. Saukowa daga dakali ko gangare mai tsanani ma da baya ake yi. Wanda ya tura ka gaba-gaɗi a gangare, ƙaramar taya ta cije a rami, kai za ka riga keken isa ƙasa.

2. Ka shirya ciki da mara

Ba a son faɗa, amma a nan tafiya take gyaruwa ko ta lalace. Daga Garwa zuwa Yawunde kwana ɗaya ne cur da ɗoriya, kuma babu makewayin da keke zai shiga cikin sauƙi a tsakani. Ka daidaita lokacin bayan gidanka ya faɗo daren da za ka tashi ko asubar ranar. Kwana biyu kafin nan ka ci abin da cikinka ya sani. Ba ranar gwada yajin wani gida ba ce, ba ranar shan sabon maganin wankin ciki ba.

Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne daina shan ruwa don gudun fitsari. A zafin Garwa na Maris da Afrilu, da yake haura 40 a ma'auni, wannan hanyar gadon asibiti ce: ciwon mara, zazzaɓi, taurin ciki. Ka sha kaɗan-kaɗan a kai a kai, ka rage shayi da kofi da lemon kwalba. Mai sa roba lokaci-lokaci ya kiyaye ƙa'idarsa, yawanci awa 4 zuwa 6, ya lissafa inda za ta riske shi. Mai jakar fitsari ya juye ta kafin shiga mota, ya tabbata tiyon bai lanƙwashe a ƙarƙashin cinya ba.

3. Tikiti

Na jirgin ƙasa za ka fara nema, da kwanaki, ba ranar tafiya ba. Akwai kujerun zama iri biyu, akwai ɗakunan kwana da ake kira kushet, mai gado biyu da mai gado huɗu. Kushet za ka saya, ka nanata cewa gadon ƙasa kake so, ka duba tikitin da idonka. Na san kuɗin ya fi yawa. Amma zaman dare guda a kujera bayan zaman wuni a mota ya fi ƙarfin fatar mai ciwon laka, kuma abin da gyambo ɗaya zai ci ya ninka bambancin sau da yawa. In aljihu bai kai ba, kai kaɗai ka shiga kushet mai rakiyarka ya zauna a kujera, ko ka raba tafiyar da kwana ɗaya a Gaundare wajen 'yan'uwa, ko ka jira har kuɗin su cika. Wannan ba wurin jarumta ba ne.

Na mota kuma, ka aika ajans, wato tashar kamfanin bas, tun ana gobe tafiya, a gaya musu akwai mai keke. Babbar bas ta fi daɗin zama amma matakalarta doguwa ce, ƙaramar bas ta fi sauƙin shiga amma cunkoso. Ni babbar nake zaɓa, kujerar farko kusa da ƙofa, motar sassafe.

4. Daga gida zuwa ajans

Garwa garin babura ne. Kada ka hau. Na ga wanda aka ɗaura a bayan ɗan acaba, salansa ta ƙone masa ƙauri har nama bai sani ba sai da aka ji ƙauri. Ka roƙi mai mota a unguwa ko ka ɗauki shata. In duk babu, babur mai ƙafa uku na dakon kaya yana yi: a shimfiɗa katifa, ka zauna a kan matashinka ka jingina, a naɗe keken a gefe. Ka isa da awa ɗaya kafin tashi, don a shigar da kai kafin hanyar cikin mota ta cika da jakunkuna.

Tufafi: babbar riga da keke ba sa shiri, hannunta zai shiga taya ya kwashi ƙasa ko ya naɗe. Ka sa kaftani mai tsukakken hannu, wando marar aljihun baya, takalmi rufaffe. Ka fito fes da hularka. Dalilin yana zuwa a gaba.

5. Shiga mota da ɗora keke

Kai ne direban wannan aiki. Mutane za su taso da niyyar alheri, biyar su kama ka ta ko'ina, wani ya ja hannu, wani ya ɗaga taya. Ka dakatar da su da murmushi, ka zaɓi biyu. Ɗaya ya tsaya bayanka, ka harɗe hannuwanka a ƙirji, ya zuro nasa ta ƙarƙashin hammatarka ya riƙe damatsanka, ɗaya ya tallabi ƙarƙashin gwiwoyi. Kai za ka ƙirga, ɗaya, biyu, uku. Kada a ja ka ta hammata kawai, kafaɗa ita ce ƙafarka yanzu. In matakalar ta yi ƙunci, goyo ya fi: mai rakiyarka ya goya ka, wani ya tare ta baya.

Matashinka ya riga ka hawa kujera. Bari in faɗi abin da ya same ni a tafiyar farko. Yaran mota suka naɗe keken da matashin a ciki suka jefa sama, ni kuma kunya ta hana ni cewa a sauko da shi, ga mota ta cika ana jira. Na zauna a kujerar bas tsirararta har Gaundare. Na halarci suna lafiya, na dawo da jan tabo a mazaunai, tabon ya fashe. Wata uku na yi rub da ciki.

Shi kuwa keken, a cire matakan ƙafa da duk abin da ke cirewa a sa a jaka, a naɗe shi, a ɗaure da igiyar roba don kada ya buɗe. A tsaye ake ajiye shi ko a saman kaya, ba a ƙarƙashin buhun masara ba. Taya ɗaya ta lanƙwashe, tafiya ta ƙare. Ɗanka ya tsaya a wurin har a rufe but, ya kuma ba yaron mota ɗan na goro. Na yi aiki da yaran mota shekaru, na san bambancin kayan da aka yi wa ihsani da wanda ba a yi wa ba.

6. Kan hanyar Gaundare

Kusan kilomita 280 ne, awa biyar zuwa shida gwargwadon halin kwalta. Za ku ƙetare gadar Binuwai, ku wuce Ngong, ku bi gefen gandun dajin Binuwai, ku isa Mbe garin doya, daga nan a fara hawan dutsen da muke kira falez.

Aikinka a duk tsawon nan ɗaya ne: rage wa mazaunai nauyi. Kowane minti 20 zuwa 30 ka sunkuya gaba ƙirji ya kusanci gwiwa, ko ka jingina gefe ɗaya har ɗaya ɓangaren ya ɗaga, ka daɗe minti ɗaya ko biyu, ka sauya. Ɗan ɗagawar daƙiƙa biyar ba ta isa jini ya koma ba. Ka sa waya ta riƙa tuna maka. Ka taɓa daɓen motar da hannu, wani wurin kusa da inji yana zafin da zai gasa tafin ƙafa ta cikin silifa. A falez mota tana lanƙwasa dama da hagu, in babu bel ka ɗaura zanen nan a ƙirjinka ka zagaya bayan kujera.

Da yawa daga masu ciwon laka ba sa gumi a ƙasan inda suka ji rauni, zafi yana taruwa a jiki. Jiƙa tsumma ka sa a wuya, ka yayyafa ruwa a riga. Wanda rauninsa yake sama, daga tsakiyar ƙirji zuwa wuya, ya kiyaye wannan: in kai ya sara farat ɗaya, fuska ta yi ja, gumi ya keto, hawan jini ne mai haɗari, kuma yawanci mara ce ta cika ko tiyo ya toshe. A bar shi a zaune, kada a kwantar, a sassauta tufafi, a juye fitsari nan take. In bai sauka ba a nemi asibiti mafi kusa.

A shingen jandarmomi wani lokaci akan ce kowa ya sauko ya wuce da ƙafa. Katinka yana hannu, ka gaisa, ka yi bayani da kanka. In an tsaya cin abinci mota ta yi sauƙi, lokacin gora da zane ne, ɗanka ya kare ka. Salla kuwa addini ya sauƙaƙa: hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ce a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kan gefe. Ga kasaru ga matafiyi. Ka tambayi malaminku hukuncin taimama da na mai robar fitsari tun kana gida, ka sa ɗan dutse mai tsabta a jaka.

7. Bakinka ma kayan aiki ne

A nan zan daɗe, don babu likitan da ya koya mini wannan.

Ranar da na fara fita, abin da ya fi ciwon baya zafi shi ne yadda mutane suka daina yi mini magana. Mai tikiti ya dubi ɗana ya ce, ina za shi? Ni da na san kowane rami daga nan zuwa Kusiri. Muna jiran mota wata baiwar Allah ta ajiye mini tsaba a cinya ta wuce. Na yi kwana biyu abin yana cina.

Maganin farko, ka riga kowa sallama, da murya a buɗe. Tikiti da kuɗi su kasance a hannunka, kai za ka miƙa, kai za ka karɓi canji. Wanda ya tambayi mai tura ka, kai ka amsa, ba da faɗa ba. Tsabtar kaftani da hula a nan suke aiki. Mai ba ka sadaka kuma ba raini ya yi niyya ba, lada yake nema. Ka ce, Allah ya karɓa Hajiya, ni ma matafiyi ne, ga mabuƙaci can a bakin ƙofa. Ta samu ladanta, ka tsira da mutuncinka.

Na biyu, tambayar me ya same ka. Za ta zo sau goma kafin Mbe. Ka tanadi gajeriyar amsa wadda ba ta buɗe ƙofar jaje. Tawa ita ce: daga saman mota na faɗo, yanzu na sauya mota, wannan ba ta shan mai. A yi dariya, sai in juya: kai fa, ina zuwa? Masu kawo maganin wani malami ko wani mai ɗori da ya tayar da gurgu a ƙauyensu, ka ce Allah ya saka, ka wuce. Gardama da su ba ta ƙarewa.

Na uku shi ne labari. Duk wanda ya yi yawo yana da shi, direba ne, ɗan kasuwa ne, mai kiwo ne, ko wadda ta je Makka ta ga duniya. Da ina tuƙi ba ni da lokacin ba da shi. Zama ya ba ni lokaci, ya kuma koya mini cewa mutanen da suka sha labarinka awa biyu ba sa kallonka a matsayin kaya idan an zo sauka. Su ne za su ce, Baba tsaya mu ɗauke ka, kuma su ɗauka yadda ka ce.

Ga yadda nake yi. Ba na farawa da kaina, da abin da ake gani ta taga nake farawa. Mun wuce motar shanu, sai in ce wa na kusa da ni, ka san kwana nawa waɗannan suke yi a tsaye kafin su ga Yawunde? Ya ce a'a. Shi ke nan ƙofa ta buɗe. In biri ya gilma a gefen gandun daji, sai in kawo na yaron motata ɗan Duwala, wanda bai taɓa zuwa arewa ba. Muka kwana a hanyar Waza, tun kafin rashin tsaro ya dagula ta. Da asuba ya fita kama ruwa, sai ga shi a guje ba buta ba takalmi, yana rantsuwa ya ga bishiya tana tafiya. Raƙumin dawa ne guda uku suke ƙetare kwalta a natse. Labarin bai fi haka ba, amma ina iya jan sa daga Guna har Mbe, da muryar yaron, da yadda ya kulle ƙofa ya bar ni a waje.

Ka auna tsawon labari da tsawon hanya. Ka yanke shi a wuri mai daɗi daidai lokacin da za a tsaya, waɗanda suka sauka za su dawo kusa da kai da kansu. Ka bar wa wasu fili, in dattijo ya karɓe da nasa ka saurara, gobe naka ne ka ƙara a jaka. Ka jefa Fulatanci inda ya dace, ko useko (na gode) kaɗai ka iya, in akwai 'yan Cadi ka taɓa musu Larabcinsu da zancen shayin Njamena. Abu uku ba na yi: labarin hatsari ana hawan falez, siyasa a motar haya, da labarin jinyata. Na ƙarshen nan na masu irin ciwona ne, in mun haɗu mu biyu. Kuma ka lura da fuska, wanda ya lumshe ido ka ƙyale shi ya yi barci.

Wanda ba mai surutu ba ne kada ya tilasta wa kansa. Tambaya ma tana yi. Ka tambayi mutum garinsu da sana'arsa, zai yi maka labarin da kansa.

Wani amfanin da ban zata ba: kowane labari ya ƙare, na san lokacin jingina gefe ya yi. Har na daina sa waya.

8. Gaundare

Kun hau tudu, sama da mita 1,000, iska ta sauya. Sa rigar sanyin. Kafin ka koma cikin keke a duba shi: tayoyi, birki, notuna. Motar sassafe tana ba ka awoyi kafin jirgi, kada ka ƙarar da su a zaune a tasha kana kallon dutsen nan mai kama da cibiya da garin ya samo sunansa. Ka nemi inda za ka kwanta, gidan ɗan'uwa, ɗakin haya na 'yan awoyi, ko tabarma da katifa a inuwa. Ka kwanta a gefe ko rub da ciki awa ɗaya ko biyu, a duba fata da madubi. Sayen kilishi da zuma na tsaraba, aiki ɗanka.

Ka isa tasha da wuri ka nemi ma'aikacin da ke kula da shiga, ka roƙi a shigar da kai kafin a saki jama'a. Layin dogon nan, da ya iso Gaundare a 1974, faɗinsa mita 1 ne, taragun ba su da yalwa. Matakala a tsaye take, lungun cikin tarago kuma ya fi yawancin kekuna ƙunci. Saboda haka a bakin ƙofa za ka rabu da keke, a ɗauke ka irin ɗaukar mota ko a goya ka har gado. In dole sai an ɗaga ka a cikin keke a wata matakala, a kama ƙarfen jikinsa, ba madogarar hannu ko matakin ƙafa ba, waɗannan zarewa suke yi. Keken ya kwana tare da kai a ɗaki, a naɗe, a ɗaure da ƙafar gado. Kada ka bari a kai shi taragon kaya.

9. Dare a jirgi

Sama da kilomita 600 ne, jirgi yana tashi da dare ya isa da hantsi in ba a samu tsaiko ba, kuma akan samu. Ka ƙara robar fitsari da ruwa a lissafi saboda haka. Katifar kushet siririya ce: ka sa matashi tsakanin gwiwoyi, ninkakken zane a ƙarƙashin ƙauri don diddige ya ɗaga, ka juya kowane awa biyu zuwa uku. Jirgin yana rangaji, ka kwanta ta jikin bango, a tare bakin gado da jaka. Makewayin tarago ka manta da shi, gora da leda ne, ɗanka ya kai ya zubar. A ɗaki mai gado huɗu ka gaya wa abokan kwana halinka tun da fari cikin kalma biyu, za su ba ka wuri idan lokaci ya yi. A Ngaundal da Belabo masu talla za su taso taga da ayaba da zuma da rogo, ka saya ka ajiye, ci sai an sauka.

10. Yawunde

Ka bari kowa ya sauka. A fara sauke keke, a buɗe, a mayar da matakan ƙafa, a sa matashi, a danne birki, sannan kai. 'Yan dako za su yanyame ku, ka zaɓi ɗaya ku yi ciniki kafin ya taɓa kaya. Yawunde garin tuddai ne da ruwan sama da manyan lambatu, ba inda za ka tura kanka ba ne a ranar farko. Ka ɗauki shatar taksi, abin da suke kira depo, ka zauna gaba, keke a but ko kujerar baya.

Da isa masauki, kafin gaishe-gaishe su yi nisa, ka nemi ɗaki ka kwanta a duba mazaunai, ƙugu, ƙashin wutsiya da diddige. A fata mai duhu ba lallai ka ga ja ba, ka nemi wurin da ya fi kewayensa duhu, ko zafi, ko tauri. In bai washe ba bayan minti 30, ba za ka zauna a kansa ba sai ya washe, ko da ranar suna ce. Masu barka su shigo ɗaki su same ka a kwance, labari ba ya buƙatar kujera.

Washegari ka aika a sayo tikitin komawa, gadon ƙasa yana saurin ƙarewa. Jar lakar Yawunde kuma tana shiga boris ɗin ƙananan tayoyi tare da zare da gashi, a kwance su da sifana, a share, a sa giris kafin ranar juyawa.